Ziyararmu Zuwa Ruwan Zafi Na Tafadek A Ƙasar Abzin

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya fitar da ruwa daga cikin duwatsu, ya sanya wani mai sanyi, wani mai zafi, kowanne da amfaninsa ga bayi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna so mu ba ku labarin wata 'yar gajeruwar tafiya da muka yi daga garinmu Tsamaye, ta ƙasar Sabon Birnin Gobir, zuwa ruwan zafi na Tafadek da ke cikin duwatsun Abzin, arewa da Agadas, a Jamhuriyar Nijar. Mun yi tafiyar cikin watan Jumada Ula na shekarar 1444, watau Disamba 2022, kwana goma sha biyu zuwa da dawowa. Tun daga sa'an nan ba a daina tare mu da tambayoyi ba, a masallaci da kasuwa da ofis. Shin gaskiya ne ruwan nan yana warkar da kowace irin cuta? Shin ana alwala da shi? Me ake ci a can? Saboda haka muka ga ya fi kyau mu amsa wa kowa gaba ɗaya, mu faɗi abin da idonmu ya gani, ba ƙari, ba ragi.

DALILIN TAFIYA

Wanmu Alhaji shi ne sanadin tafiyar. Falke ne tun yana saurayi, ya fi shekara arba'in yana cin kasuwannin Sabon Birni da Isa da Shinkafi da hatsi da albasa, har sanyin ƙashi ya kama gwiwoyinsa duka biyu. An kai shi asibiti, likita ya ce guringuntsin gaɓar ne ya cinye saboda shekaru da nauyin jiki, ya ba shi maganin da yake sha yana samun sassauci na 'yan sa'o'i. Shekara guda cur yana salla bisa kujera. Zafin ciwon bai ci masa rai ba kamar yadda rashin kai goshinsa ƙasa ya ci masa. Mun sha gaya masa shari'a ta yi masa rangwame, sallarsa ingantacciya ce, sai ya ce, "Na sani, Malam. Amma ba ka san yadda mutum ke ji ba, sahu duka ya faɗi sujada, a bar ka kai kaɗai bisa kujera kamar mai gadin takalma."

Abzinawa masu kawo raƙuma kasuwa su ne suka ba shi labarin Tafadek, suka ce mutane suna zuwa a ɗauke su koma da ƙafafunsu. Alhaji bai shawarci kowa ba sai da ya sayar da sa guda na kiwo, ya zo ya ajiye kuɗin gabanmu ya ce guzuri ne. Muka ga ba shi yiwuwa mu bar dattijo ya kama hanyar Sahara shi kaɗai. Muka nemi ɗan ƙanwarmu, ma'aikacin ruwa na gwamnati, wanda aikinsa haƙar rijiyoyin burtsatse ne, ya kuma taɓa zuwa kwas ƙasar Japan, ya ɗauki hutu ya raka mu. Mu uku ke nan.

HANYA

Da zamanin lafiya ne, da nan kusa da mu za mu ƙetara iyaka, gama tsakaninmu da ƙasar Nijar babu nisa. Amma kowa ya san halin da ƙasar Sabon Birni da Isa ta shiga tun daga 2019, sa'ad da ta'asar 'yan bindiga ta tsananta, har dubban mutanenmu suka yi gudun hijira zuwa jihar Maradi. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Muka zagaya ta Sakkwato muka kwana, da safe muka nufi Illela, muka shiga Birnin Ƙonni da takardunmu a hannu.

A Ƙonni muka canja naira zuwa sefa. Wanda bai saba ba ya kiyaye da lissafinsu, domin da dala suke ƙirga, dala guda kuwa sefa 5 ce. In an ce maka dala ashirin, sefa 100 ake nufi, in an ce jaka guda, sefa 1,000 ke nan. Nan ne Alhaji ya fara mantawa da gwiwa, ya tsaya gaban buhunan albasar Galmi, ja mai ƙyalli, yana ɗauka yana juyawa yana tambayar kuɗin buhu, sai da muka janye shi don kada mota ta tashi ta bar mu.

Muka kwana a Tawa, babban garin ƙasar Adar. Daga Tawa zuwa Agadas kimanin kilomita 400 ne, bisa hanyar da aka shimfiɗa domin jigilar ma'adinin yuraniyum daga Arlit. Sa'ad da muka bi ta, kwaltar ta mutu a wurare da yawa, muka wuni cur a kai, muna sallar ƙasaru duk inda aka tsaya. Da an wuce Abalak gonaki sun ƙare, sai fili iya ganinka, da jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙahoni, da garkunan raƙuma. A Abalak mata suka kewaye mota da cuku, watau madarar da aka daskarar aka shanya bisa 'yar tabarma har ta bushe, falle-falle kamar takarda, da zanen tabarmar a jikinta. Ana cinsa haka nan da shayi, ana kuma daka shi a zuba cikin fura. Muka sayi mai yawa, gama ba ya lalacewa a hanya.

Duk Bagobirin da ya doshi Abzin, tsohon gida ya nufa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata cikin littafinsa Infaƙul Maisur, wanda ya rubuta a 1812, cewa ƙasar nan tana hannun Gobirawa ne kafin Abzinawa su zo su rinjaye su. Daga nan kakanni suka yi ta gangarowa kudu, suka zauna Birnin Lalle, har suka kafa Alƙalawa, wadda aka ci a 1808, kufanta kuwa yana nan kusa da mu. Muna cikin mota muna duban wannan jeji, muna tunanin mutanen da suka keta shi da ƙafa, da mata da yara, suna neman inda za su zauna lafiya, muna kuma tuna waɗanda muka baro a gida cikin irin wannan nema.

AGADAS

Magariba ta gabato sa'ad da muka hango hasumiyar Babban Masallacin Agadas, tsininta ya fi kowane gini na garin. Da jar ƙasa aka gina ta, tsawonta mita 27, faɗinta yana raguwa zuwa sama, da itatuwa a soke a jikinta waɗanda magina ke takawa in za su yi yaɓe. An gina ta wajen 1515, ana jingina ginin ga wani bawan Allah mai suna Zakariya'u, aka kuma sabunta ta a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya da ake kiyayewa. Fadar Sarkin Abzin tana dab da masallacin. Baƙo Bahaushe ba ya neman tafinta a nan, domin Hausa ce harshen kasuwa da na cikin gari.

Ga almajiri kuwa, Agadas gari ne na malamai. Ta ƙasar nan Shehu Magili ya bi kafin ya isa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Har nan kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rako malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, yana karatu wurinsa, sa'an nan malamin ya wuce aikin hajji, shi kuwa Shehu ya komo gida saboda bai sami izinin mahaifinsa na wucewa ba. Har yanzu ana nuna gidan da Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka a 1850. Garin ya ga baƙin ciki a 1917, sa'ad da sojan Faransa suka murƙushe tawayen Kawusan, suka kashe malamai da dama.

Kwana biyu muka yi wurin mai masaukinmu, wani abokin cinikin Alhaji na tun da daɗewa. Daren farko ya kawo mana taliyar alkama ta murjin hannu da naman rago, da safe kuma malku, watau farfesun kan rago da ƙafafu, da gurasa mai zafi. Ya ce mana mu yi sayayyar abinci a nan, domin abin da ake samu a Tafadek kaɗan ne, kuma da tsada. Muka shiga kasuwa. Ga kantun gishirin Bilma da Faci, wanda ayarin raƙuma ke ɗaukowa ta tsakiyar rairayi, irin wanda muke saya wa dabbobinmu a gida ba mu san wahalar da aka sha kafin ya iso mu ba. Ga dabinon Ingal mai laushi. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne kayan lambu: albasa da tafarnuwa da dankalin turawa da tumatir da alkama, har da lemo da rumman na Timiya, duk daga kwaruruwan da ke tsakanin duwatsun Abzin, inda ruwa yake kusa, ake ban ruwa da rijiyoyi. Wanda ya ɗauka Abzin rairayi ne kawai, to, bai shiga kasuwar Agadas da hunturu ba.

TAFADEK

Tafadek tana kimanin kilomita 80 arewa da Agadas. Muka yi shatar mota mai shiga rairayi, da direba ɗan ƙasa wanda ya san hanya. Muka bi hanyar Arlit, sa'an nan muka sake ta muka shiga tsakanin baƙaƙen duwatsu da busassun ƙoramu, har muka sauka cikin wani kwari mai goriba da itatuwan ƙaya. Wanda ke tsammanin birni zai sha mamaki. 'Yan ɗakuna ne da bukkoki da rumfuna, da masallaci, da masu jinya zaune a inuwa, kowa da mai jinyarsa da tukunyarsa. Mun tarar da Abzinawa da Larabawa da Fulani da Zabarmawa, da Hausawan Damagaram da Maradi da Katsina. An yi gini a kan ruwan domin sutura, ana shiga rukuni rukuni, ba a kuwa haɗa maza da mata. Da yake mun yi niyyar kwana biyar, sai muka bar ƙasaru muka koma cika salla, gama a mazhabarmu niyyar zaman kwana huɗu tana yanke hukuncin tafiya.

Tun ba mu sauke kaya ba aka ji ana ce mana Malam, sai tambaya ta taso a kan alwala da ruwan, domin ɗanɗanonsa ya saɓa wa na rijiyar gida. Muka ce wannan mas'ala ce da kowane almajiri ya wuce ta tun a Ishmawi. Ruwan da ya canja saboda mazauninsa, kamar wanda ya bi ta kan gishiri, ko taɓo, ko ma'adinin farar wuta, yana nan da tsarkinsa, ana alwala da wanka da shi. Abin da ke ɓata ruwa shi ne baƙon abin da ya faɗa masa ya canja launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa. Sai dai mun ƙara da cewa a ɗebi na alwala daga inda yake ɓuɓɓugowa, a bar shi ya huce, domin zafi mai tsanani yana hana mutum cika wankin gaɓoɓi. Muka kuma tunatar da maza cewa jinya ba ta ɗauke wajibcin rufe al'aura, kowa ya shiga da wando mai rufe tsakanin cibiya da gwiwa.

Ruwan yana da zafi ƙwarai. Mutum yakan sa ƙafa ya janye, ya sake sawa, sai a hankali jiki ya karɓa. Da ya karɓa kuwa, sai ka ji kamar ana kwance maka ɗaurin da ka daɗe da shi. A nan Alhaji ya yi kuskurensa. Ya ga ya sayar da sa, ya yi tafiyar kwana huɗu, sai ya ƙudura zai fanshe kuɗinsa rana ɗaya. Aka fito aka bar shi ciki, ana kira yana cewa a dakata. Da ya miƙe sai jiri ya ɗebe shi, ba don wani Ba'abzine ya tare shi ba da kansa ya bugi dutse. Muka fito da shi a ɗauke, muka kwantar, muka yi ta ba shi ruwan sanyi, hankalinmu bai kwanta ba sai da ya buɗe ido ya tambayi hularsa.

Ɗan ƙanwarmu ya yi mana bayani cewa zafi yana buɗe hanyoyin jini, gumi yana zuba, zuciya tana ƙara sauri, in mutum ya daɗe sa'an nan ya miƙe farat ɗaya, jinin da ke isa kai sai ya ragu. Ya ce wa Alhaji, "Kawu, daga yau ni ne mai agogo. Minti goma, safe da yamma, ka sha ruwa kafin ka shiga, in ka fito ka lulluɓa ka kwanta." Alhaji ya yi gunaguni, amma ya bi.

ABINCIN JEJI DA HIRAR DARE

Ba'abzinen nan da ya tare Alhaji dattijo ne da ya kawo matarsa jinya, ya zama abokinmu. Shi ya koya mana tagalla. Ya kwaɓa garin alkama da ruwa da gishiri, ya murza ƙwarai, ya hura wuta bisa rairayi mai tsabta, da ta zama garwashi ya ture ta gefe, ya binne ƙullun cikin rairayin mai zafi, ya mayar da garwashin bisa. Bayan ɗan lokaci ya tone ya juya, ya sake binnewa. Da ta gasu ya kakkaɓe ta, ya ɗauraye, muka gutsuttsura cikin akushi, aka zuba man shanu da miyar tumatir da albasa. Ba mu tauna tsakuwa ko ɗaya ba. Da hantsi kuwa arajira muke sha, watau dakakken gero da cuku da dabino a dama da ruwa, 'yar'uwar furarmu ce, sai dai ta fi ta riƙe ciki, shi ya sa masu ayari suke guzuri da ita. Bayan kowane abinci sai shayi, zubi uku daga ganye ɗaya, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, ba a kuwa tashi sai an sha na ukun.

Sanyin dare a Abzin cikin Disamba ya wuce wanda muka sani a Gobir, saboda haka kowa yakan matso wuta, hira ta yi tsawo. Wani dare wani mutum ya ce shi ya ji aljannu ne ke hura wuta ƙarƙashin dutsen. Ɗan ƙanwarmu ya ce su masu haƙar rijiya sun san cewa iyakar nitsawarka cikin ƙasa iyakar ƙaruwar zafi, kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita guda. Ruwan sama ne yake bin tsagar duwatsu ya nitsa can ƙasa, ya ɗauki zafin dutse, ya narkar da ma'adinan da ya tarar, sa'an nan ya sami wata tsagar ya hauro kafin ya huce. Aka juyo gare mu ana jiran hukunci. Muka ce babu saɓani tsakanin wannan bayani da imani, domin Allah ya saba gudanar da al'amuransa bisa sababai, sanin sababin kuwa ƙarin sanin hikimarsa ne. Annabi Ayuba, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da Allah ya nufe shi da waraka, umartarsa aka yi ya bugi ƙasa da ƙafarsa, ruwa ya fito, ya yi wanka ya sha, kamar yadda ƙissar ta zo a Suratu Sad. Likitocin Musulmi na da, irin su Ibnu Sina wanda ya rasu a 1037, sun yi magana a kan ruwayen ma'adinai, suka bambanta cutar da suke amfana da wadda suke ƙarawa.

Daga nan ɗan ƙanwarmu ya ba mu labarin wani birni da aka kai su ziyara a Japan, sunansa Beppu, a tsibirin Kyushu, bakin teku. Ya ce idanun ruwan zafi na garin sun fi 2,000, tururi yana tashi daga tsakanin gidaje dare da rana. Akwai tafkunan da ba a shiga, kallo kawai ake yi, ɗaya shuɗi mai zafin digiri 98, saura kaɗan ya tafasa, wani ja wur kamar jini, mutanen ƙasar suna kiransu da sunan da ma'anarsa jahannama. A wata unguwa mai suna Kannawa da tururin ƙasa ake dafa abinci, a jera ƙwai da dankali da kifi da ganyaye cikin kwando, a zura cikin rami, a rufe, ba itace ba gawayi. Ya ce wannan dahuwa ita ta fi kwantar masa da rai, gama yana ganin abin da aka sa, alhali sauran abincinsu sai an yi ta tambaya saboda naman alade da giyar da suke zubawa cikin miya. Gidajen wankansu na jama'a tsirara ake shiga, saboda haka Musulmi sai ya kama ɗaki na shi kaɗai. Akwai jami'a a garin da aka buɗe a 2000, mai ɗalibai daga ƙasashe da yawa, Musulmin cikinsu kuma suka buɗe masallaci a 2008.

Amma ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai wani allo ne. Tun 1948 ƙasar take da dokar ruwan zafi, a ƙarƙashinta kuwa wajibi ne kowane gidan wanka ya sa a auna ruwansa, ya kafa sanarwa inda kowa zai gani, mai bayyana abin da ke cikin ruwan, da irin marasa lafiyar da bai kamata su shiga ba, da yadda ake shiga. Muka dubi juna, domin mu ba mu ga irin wannan allo ba inda muke zaune, kowa da abin da ya ji daga bakin wani yake aiki.

MUTUMIN DA BA YA JIN ZAFI

Washegari muka ga amfanin maganarsa. Akwai wani magidanci, ɗan kasuwa daga wajen Katsina, wanda jama'a ke yaba wa saboda yakan tsoma ƙafafunsa inda ruwan ya fi zafi ya daɗe bai ko motsa ba. Ana cewa ruwan ya karɓe shi. Ɗan ƙanwarmu ya matsa ya dubi ƙafar, ya ga fatar ta saluɓe, ga kuma wani tsohon gyambo a tafin, gefensa ya fara baƙi. Ya tambaye shi ko yana da ciwon suga. Ya ce shekara tara ke nan, amma ya ajiye ƙwayoyin asibiti tun da ya taso, domin an ce masa ba a haɗa su da ruwan. Ashe ciwon ne ya kashe masa jijiyoyin ƙafa, yana ƙonewa bai sani ba.

Da ƙyar ya saurare mu. Ya ce ya zo da yaƙini, ba ya so ya ɓata tawakkalinsa. Muka zauna da shi muka ce, "Alhaji, wanda ya halicci ruwan nan shi ya halicci maganin da ka ajiye, shi ya kuma sanar da likita abin da ya sani. Barin sababi guda saboda wani, wannan zaɓin son rai ne, tawakkali bai ce haka ba. Jikinka amana ne, za a tambaye ka." Ya yi shiru, can ya ce wa ɗansa ya naɗe kaya. Da la'asar suka sami mota zuwa asibitin Agadas. Da muka komo gari muka je gaishe shi, muka tarar an yanke yatsu biyu, ƙafar kuwa ta tsira. Ma'aikacin da ke wanke masa ciwon ya ce da ya ƙara mako guda, da wani zance ake yi.

ABIN DA MUKA SAMO

Ranar kwana na huɗu, bayan sallar asuba, muna zaune muna lazimi, sai muka ga Alhaji ya jira rana ta ɗaga, ya ture kujerarsa gefe, ya tayar da nafila. Ya yi ruku'u, ya dafa ƙasa da hannu, ya sauka a hankali, ya kai goshinsa bisa rairayi. Ya daɗe bai ɗago ba. Babu wanda ya ce uffan cikinmu, dattijon nan Ba'abzine ma ya ja rawaninsa ya rufe fuska.

Wajibi ne mu cika labarin, kada mu tsaya inda ya yi daɗi. Bayan mun komo gida Alhaji ya yi kamar wata biyu yana salla a ƙasa. Kafin azumin 2023 ciwon ya fara dawowa, tarawihi bisa kujera ya yi ta. Guringuntsin da ya cinye ruwa bai mayar da shi ba. Abin da zafi ke yi shi ne ya sassauta tsoka, ya rage taurin gaɓa, ya kwantar da raɗaɗi zuwa wani lokaci. Amma Alhaji ya dawo da ɗabi'ar gasa gwiwa da ruwan ɗumi safe da yamma, ya rage tuwon dare, yana shan maganinsa, yau wata salla a ƙasa, wata bisa kujera. Mun tambaye shi ko yana da-na-sanin sansa, ya ce sujadar wata biyu ta fi sa.

To, ga amsarmu ga masu tambaya. Na farko, ruwan Tafadek ni'ima ne, yana taimakon mai sanyin ƙashi da ciwon baya da gajiyar jiki, amma ba ya warkar da kowace cuta, duk wanda ya gaya maka haka ya faɗi abin da bai sani ba. Na biyu, mai ciwon suga, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai buɗaɗɗen gyambo, da mai zazzaɓi, da mace mai ciki, kada su shiga sai sun shawarci likita, kada kuma kowa ya ajiye maganinsa saboda ruwa. Na uku, a shiga kaɗan kaɗan, a sha ruwa da yawa, kada tsoho ya shiga ba mai kula da shi. Na huɗu, a tafi da guzuri da bargo da takardun shaida, a kuma bincika labarin hanya kafin a tashi, gama al'amura suna canjawa. Bayan tafiyarmu ma an yi juyin mulki a Nijar cikin Yuli 2023, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Wanda Abzin ta yi masa nisa, akwai ruwan Wikki a dajin Yankari na Jihar Bauchi, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, akwai kuma Ruwan Zafi na Lamurde a Jihar Adamawa.

Daga ƙarshe muna kira ga ma'aikatan lafiya da na ruwa masu karanta wannan fili, na Nijeriya da na Nijar, da attajiranmu masu neman inda za su ajiye sadaka mai gudana. Auna ruwa da kafa allo guda, da boko da ajami da harshen mutanen wurin, mai faɗin wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba, kuɗinsa bai kai na sa guda ba. Da akwai shi a Tafadek ran da mutumin nan na Katsina ya iso, wataƙila da ya koma gida da yatsunsa goma.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa mutanen Abzin da alheri bisa karɓar baƙi, ya mayar da zaman lafiya ƙasar Gobir da sauran ƙasashen Musulmi. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.